Gurbin Nidal a Waƙa ta Biyar

Sansanin mai, kudu da Tatawin
Ƙarshen Satumba

Durra 'yar goggona,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da karatu da wannan surutun naki na rediyo. Yaya Goggo da hawan jininta? Ki ce mata ta rage gishiri, in ji ni. Ni lafiya lau nake, in ban da yashi da ya shige mana ko'ina har cikin burodi. Waya a nan sai mutum ya hau tankin ruwa ya ɗaga hannu sama kafin ya sami layi, shi ma rabin magana, don haka na koma takarda. Baffa Tijani, direban motar kayan abincinmu, shi zai riƙa kawo miki har Sfax. Ki ba shi shayi, amma kada ki bari ya fara hirar siyasa.

A cikin ambulan akwai faifai. Namu ne, na ƙungiyarmu Tsatsa. Mun ƙarasa shi ni da Firas a garejin babansa a Gabes kafin hutuna ya ƙare. Waƙa bakwai ne. Gangunan duk na Nidal ne, Allah ya jiƙansa, ya riga ya naɗe su kafin hatsarin babur ɗin nan. Ba mu nemi wani mai ganga ba, ba kuma za mu nema ba.

Tun kina 'yar mitsitsiya kike bin mu gareji kina cewa jitata kamar ana yanka akuya. Yanzu an ce ke ke zaɓen sababbin faya-fayan kiɗan rok a rediyon ɗalibai, duk Alhamis da la'asar. To ga akuyar ta zo hannunki. Ba alfarma nake nema ba, ki bi da shi ta inda kuke bi da na kowa. Idan ya tsallake, waƙa ta biyar nake so, "Hanyar Gabes". Ki sa ta yadda take, daga farko har ƙarshe.

Na gaya wa Inna Mbarka, mahaifiyar Nidal. Ba ta taɓa son kiɗanmu ba, kin sani, amma ta ce 'yarta za ta riƙa kunna mata tasharku a kwamfuta duk Alhamis har ta ji shi.

Ɗan kawunki,
Gassan

Sfax
Farkon Oktoba

Gassan sarkin yashi,

Bayan gaisuwa, takardarka ta same mu lafiya. Mama ta ce ka fara barin sigari tukuna kafin ka yi mata wa'azin gishiri. Kawu ya zo ganin likita ranar Litinin, gwiwar da sauƙi, ya kawo mana rumman kwando guda har muna raba wa maƙwabta. Baffa Tijani na ba shi shayi, kuma ya yi siyasarsa duk da haka.

Faifanka ya tsallake, kuma ba da hannuna ba. Duk Talata muke zama mu shida a ɗakin faifai. Hala, mai kula da na'urori, ta rufe sunaye da takarda, a sa minti ɗaya na farkon kowace waƙa, a ɗaga hannu. Faya-fayan da ke shigo mana ba sa ƙirguwa, daga Tunis, daga Kasarin, har daga Aljeriya, wasu a banɗaki aka naɗe su, kana jin famfo na ɗiga. Ba mai lokacin jin kowanne har ƙarshe. Naka hannu biyar ya samu. Ni tun bugun farko na gane akuyarka, sai na zauna a kan hannuwana. Wani ɗan ajin ƙarshe ya ce, "Wannan mai gangar ba ya wasa." Sai da na fita waje na share ido.

Yanzu ga matsalar. Ranar Alhamis na sa ta biyar ɗin. Tana tafiya daidai, ina kaɗa kai, can tsakiya sai ɗif, komai ya ɗauke. Na duba, faifai na juyawa, sauti babu. Mu a rediyo ba abin da muke tsoro kamar shiru. Akwai wani akwati a saman bene kusa da eriya, aikinsa ke nan: in ya ji tasha ta yi shiru sakan goma, sai ya yanke ɗakinmu ya saki abin da aka ajiye masa, kuma ba ya sakin tasha sai abin ya ƙare. Abin da aka ajiye masa kuwa tsohon kiɗan biki ne na algaitar mizwid, da guɗa da komai. Haka waƙarka ta koma ɗaukar amarya a kunnen duk mai sauraro, ni ina zaune kamar in nutse don kunya.

Da na koma gida na saurara a tsanake. Shirun sakan arba'in ne, sannan jita ta dawo. Ina jin wajen kwafa ne kwamfutar Firas ta yi muku tsiya. Ka aiko min da mai kyau, ko ka ba ni izini Hala ta datse wannan ramin da ba komai a cikinsa, aikin minti biyu ne. Ka hanzarta. A dokarmu faifai mako shida yake yi a matsayin sabo, daga nan sai a ajiye shi a kantar tsofaffin faya-fayai, shirina kuma na sababbi ne zalla. Ni na kafa dokar, na hana mutane da yawa alfarma a kanta, ba zan karya ta don ɗan kawuna ba.

Taka,
Durra

Sfax
Ƙarshen Oktoba

Gassan,

Gaisuwa. Kowa lafiya a nan, sai dai Mama ta fara tambaya ko yashin ya haɗiye ka. Baffa Tijani ya zo sau biyu hannu rabbana. Na tambaye shi, ya ce kana nan garau, kana cin kwano biyu, ya kuma ce a gabansa ka karanta takardata ka cusa a aljihu.

Idan maganar akuya ce ta ɓata maka rai, ai kai ka fara. Idan kuma wani abu ne daban, ka faɗa. Ban sake sa waƙar ba, don ba zan kuma aurar da ita ba. Sauran waƙoƙin ina sa su ɗaya-ɗaya, mutane na kira suna tambayar su wane ne Tsatsa. Amma ta biyar ka roƙa, kuma makonni suna tafiya.

Durra

Sansanin mai
Farkon Nuwamba

Durra,

Na gode da gaisuwa. Ina lafiya. Ki gai da Goggo.

Sau uku ina fara wannan takardar ina yagawa. Ramin da ba komai a cikinsa, kika ce. Aikin minti biyu.

Ba kwamfuta ba ce. A wannan wurin ni da Firas muke tsayawa, Nidal ya buga shi kaɗai. Shi ne abu ɗaya da bai naɗa ba. Ya hana mu jin abin da yake shiryawa, a gida yake gwadawa, kullum sai ya ce, "Ranar naɗi za ku ji, ku tanadi inda za ku faɗi." Asabar ya ce zai zo. Laraba mota ta buge shi a kan babur ɗinsa. Muka ƙirga tsawon wurin muka bar masa shi yadda yake. Firas ya so a rubuta bayani a bangon faifan, na ce a'a, wanda ya san Nidal zai gane. Na ɗauka ke ce ta farko.

Na hau tanki na kira Firas. Ya ce ranar da kika sa waƙar, Inna Mbarka na zaune gaban kwamfuta tun azahar, da mayafinta na fita unguwa, kamar mai jiran baƙo. Ya ce da kiɗan bikin ya shigo ta yi kuka har sai da aka kama ta. Matar da ta binne ɗa da bazara, ku kuka aika mata guɗa. Kuma wai minti ɗaya kuke saurara ku yanke hukunci. Mu shekara biyu muka yi a kansa.

Ba za a datse ko sakan ɗaya ba. Ki ba Baffa Tijani faifan ya dawo min da shi.

Gassan

Sfax
Nuwamba, ranar Lahadi

Ɗan kawu,

Gaisuwa, ko ka amsa ko kar ka amsa. Mama lafiya, Kawu ma na gan shi jiya da idona, don na je Gabes. Zan zo kan wannan.

Na karanta takardarka a tsaye a bakin ƙofa. Na ji ciwon abin da na rubuta, har yanzu ina ji. Ya kamata in ji waƙar har ƙarshe kafin in sa ta, kai kuma ya kamata ka buɗe baki ka yi magana kamar sauran mutane. Amma faifai kam ba zan dawo da shi ba. Na mayar da Baffa Tijani da makrud, alkakinmu mai dabino, maimakonsa, ka ci ka huce.

Washegari na je wurin Si Munsif, malamin da ke riƙe da tashar. Makullin akwatin a aljihunsa yake kwana. Na ba shi labari kaf. Ya cire tabarau, ya yi wa Nidal addu'a, sannan ya ce a'a.

Na ce, "Si Munsif, sakan arba'in ne kawai."

Ya ce, "'Yata, kafin ki zo makarantar nan wani ya kulle ɗaki ya tafi jarrabawa, tasha ta yi rabin yini ba ko tari. Da kyar muka tsira da lasisinmu, kuma akwatin nan shi ne sharaɗin. Ki kawo min takarda daga hukuma, in kashe miki shi har shekara."

Na ce, "Kafin takardar ta fito ai jikokina ne za su sa waƙar."

Ya ce, "To Allah ya raya su." Ya mayar da tabarau.

Hala ta ce za ta iya shimfiɗa wata 'yar ƙara a ƙarƙashin shirun, irin ta rediyo in ya rasa tasha, akwatin ya ɗauka sauti ne. Ban ma tambaye ka ba, na ce a'a. Na san kanka. Amma maganarta ta sa na yi tunani. Akwatin ba ruwansa da faifai, abin da ke fita daga ɗaki yake ji. Idan na buɗe makirufo lokacin shirun, wani ya zauna dab da shi yana numfashi, allurar ma'aunin sauti za ta motsa. Mun gwada da numfashin Hala, ta motsa, ƙasa-ƙasa amma ta isa. Faifanka ba a taɓa shi ba. Mutum ne kawai zai zauna cikin shirun tare da shi.

Jiya na hau luwaj, motar hayar nan, na tafi ba Inna Mbarka haƙuri. Na same ta a tsakar gida tana ɓare rumman a faranti. Na durƙusa, na fara jero bayani. Ta ce, "Tashi, 'yar nan, kina tare min haske."

Na ce, "Inna, kiɗan bikin nan kuskure ne, ki yafe mana."

Ta tsaya da hannu. Ta ce, "Kuskure? Ni na ɗauka haka waƙar take. Na ce ashe yaran nan sun yi masa bikin da bai samu ba. Shi ya sa ni kuka."

Ka ji, Gassan. Ba abin da kai da Firas kuka zata ba ne. Duk da haka ban bar ta a kan ƙarya ba, na gaya mata gaskiyar gurbin, da akwatin, da komai. 

Ta ce, "Wato wurinsa ne suka bari."

Na ce eh.

"Shi kuma wannan akwatin naku ba ya son shiru."

Na ce, "Sai ya ji motsin mai rai, Inna."

Ta ce, "To ni gawa ce? Ƙarfe nawa luwaj ɗin safe ke tashi?"

Ban roƙe ta ba, wallahi, ban ma kawo ta a raina ba. Alhamis mai zuwa ba wannan ba ita ce ta ƙarshe ga faifanka. Zan sa waƙar. Ina son yardarka, amma ka sani ko ba ta iso ba, sai na sa.

Mai taurin kai irin naka,
Durra

Sansanin mai
Nuwamba

Durra,

Lafiya lau. Makrud ya iso, mutanen ɗakinmu sun cinye rabi kafin in dawo daga aiki.

Na karanta maganar Inna sau da yawa. Ban san ta ɗauke shi haka ba.

Ki sa. Amma ga sharaɗina, ki riƙe shi da kyau. Ba magana a cikin gurbin, ba addu'a, ba sunansa, ba wannan muryar taki ta rediyo. Numfashi kawai. Duk wani sauti da ya shiga wurin ba nasa ba ne, kuma ban yafe ba. Idan kin ga ba zai yiwu ba, ki bar waƙar a ajiye ta a kantar, ya fi min.

Ki kula da Inna a matattakala, ƙafarta ta hagu ba ta da ƙarfi.

Gassan

Sfax
Juma'a da safe

Gassan,

Gaisuwa. Kowa lafiya. Inna Mbarka a gidanmu ta kwana, yanzu haka suna kicin da Mama suna gardama kan wa ya fi iya kirɓa yajin harisa. Ka zauna kafin ka karanta sauran, domin sharaɗinka ya karye, kuma ina so ka ji yadda aka yi daga bakina.

Ta iso da azahar da mayafin fita unguwa da kwandon rumman na 'yan tasha. Hawa biyu ta yi tana hutawa tana zagin wanda ya gina benen. Da ta ga fastocin bango ta ce, "Duk waɗannan ba su da uwayen da za su aske su?" Hala ta sa mata abin ji a kunne, ta ce ya matse mata ɗan kunne, aka gyara. Na karanta mata sharaɗinka. Ta ce, "Gassan ne zai koya min shiru? Yaron da ya hana unguwa barci?"

Si Munsif ma ya zo ya tsaya a bayan gilashi, hannu a aljihun da makullin yake. 

Na gabatar da waƙar kamar kowace waƙa, sunan ƙungiya, sunan gari. Na saki. Tun da gangar farko ta shigo Inna ta rufe ido. Ni idona na kan lambar da ke ƙirga lokacin waƙar. Da wurin ya zo na ɗaga makirufonta, jita ta ɗauke, ɗakin ya yi tsit.

Allura ta kwanta, Gassan. Ko motsi. Abin da ba mu lissafa ba shi ne, da shirun ya zo Inna ta ja baya ta riƙe numfashinta. Wa zai ga laifinta? Ni ma nawa a riƙe yake. 'Yar fitilar da ke nuna akwatin ya fara ƙirga ta kama. Hala ta ɗaga yatsu tana nuna min, biyar, shida. Ina yi wa Inna alama ta matso, idonta a rufe. Na ga guɗar nan tana tahowa a karo na biyu, kuma ba abin da zan iya.

A bakwai sai na ji ƙwas. Zoben azurfarta ne a kan tebur. Sai kuma wani. Biyu a hankali, uku da sauri, sannan ta daki gefen teburin da tafin hannu. Allura ta tashi, fitila ta mutu. Hannuna na kan maɓallin makirufon, ina tuna abin da ka rubuta, kuma na san in na sauke shi akwatin zai ci mu. Ban sauke ba. Ko da babu akwati ma ba zan sauke ba, gaskiya ke nan.

Ba ta buɗe ido ba. Hannu biyu ta sa, dama a kan tebur, hagu a kan murfin kwalbar ruwa. Abin ya riƙa hawa yana sauka, ya yi kamar zai tsaya sai ya dawo ta wani gefen. Ba bugun tsohuwa mai jin haushi ba ne, tsararren abu ne, mai kai da gindi. Can ta yi wani gangarowa da yatsu duka, ta ɗauke hannu, jitarka ta faɗo daidai wurin. Ban ce kusa ba, daidai.

Da waƙar ta ƙare sai na saki ta gaba. Inna ta cire abin kunnen ta ajiye. Ta ce, "Haka yake yi, ko? Shekara biyu yana yi min shi a kan tire, a kan murfin tukunya, a kan ƙofar firij, yana jiran abinci. Hannunsa ya sha mari a kansa." Ta dubi tafinta. Ta ce, "Ban san na riƙe ba."

Si Munsif ya fita ba sallama. Hala ta ce ta gan shi a matattakala yana goge tabarau ya fi minti biyar.

Ka ce duk sautin da ya shiga wurin ba nasa ba ne. Kai za ka yanke. In ba ka yafe ba, ni za ka riƙe, kada ka riƙe ta. Faifanka ya hau kanta yau da safe, a layin da hannuna ke kaiwa.

'Yar goggonka,
Durra

Sansanin mai
Ƙarshen Nuwamba

Durra,

Gaisuwa mai yawa gare ki, da Goggo, da Hala da ban sani ba. Ina lafiya. Na bar sigari tun shekaranjiya, ki gaya wa Goggo saura gishiri.

Na karanta takardarki a bayan tanki inda ba mai ganina. Sharaɗina bai karye ba. Na ce kada sautin da ba nasa ba ya shiga, kuma bai shiga ba.

Biyu a hankali, uku da sauri. Na gwada a gwiwata, na kasa kai shi ko'ina, don iya abin da kika rubuta ke nan. Ni da Firas mun yi shekara biyu muna jiran wannan wurin, duk Sfax ta ji shi kafin mu. Kin ce Hala na naɗe kowane shiri? Ba ki ce ba, amma Allah ya sa tana yi. Idan akwai, ki ba Baffa Tijani, ki naɗe shi cikin tsumma saboda yashi, ki ce masa ba na siyasa ba ne kada ya buɗe.

Hutuna na tsakiyar Disamba. Zan fara sauka gidan Inna kafin gidanmu. Ina so in roƙe ta izinin sake buga bangon faifan. A ƙarƙashin ta biyar za a rubuta: ganga, Nidal, ta hannun mahaifiyarsa. In ta ce a'a, ke za ki je ki shawo kanta, tunda na ga kin fi ni iyawa.

Ki aiko da shi a motar farko.

Ɗan kawunki,
Gassan